Ta Zo da Azumi

Kun ga Su'ad, kada ku ce ba ku gan ta ba. Kun sha ganinta a lungunku tana dawowa daga makaranta, tana dafa bango tana haki, kuka ce, "Tubarkalla, jikar Hajiya ta yi ɓul-ɓul," kuka wuce. Shekarunta goma sha ɗaya, nauyinta kilo sittin da takwas.

Ni na ɗora ta a sikeli ranar Laraba. Sunana Ibtisam, ma'aikaciyar jinya ce ni, cikin waɗanda aka turo makarantun firamare na Birnin Zazzau su auna yara. Jinin Su'ad ya hau kamar na dattijo. A bayan wuyanta akwai wani baƙi mai kauri, ta ce kakarta kullum sai ta dirje shi da soso. Ba dauɗa ba ce, alama ce ta jikin da sukari ya fara fin ƙarfinsa. Da na tambayi mahaifinta, ta ce ya faɗi ya rasu a ofis bara, ciwon zuciya ne, yana da shekara arba'in da biyu. Na rubuta takarda zuwa gida: gobe za a gwada sukarin jininta, ta zo da azumi.

Ranar Alhamis kakar ta rako ta da kanta. Hajiya Asama'u ba ta zauna ba sai da ta ƙare mini kallo.

"Ke ce mai cewa jikata ba ta da lafiya?"

"Ina kwana, Hajiya."

"Lafiya lau. Mu haka jikinmu yake a gidanmu. Gwaji ɗaya na yarda. In ba ku ga komai ba, ku fita harkarta."

Malam Inuwa, mai gwajin jininmu, ya soki yatsar Su'ad. Na'urar gwajin ta nuna sha biyu, sukari ya yi sama sosai. Ya dube ni, ya dubi yarinyar.

"'Yata, me kika ci yau?"

"Ba komai, Malam. Azumi nake."

"Da kaina na tashe ta sahur," in ji Hajiya. "Fura da nono, na zuba mata suga sosai, ga ɗumamen tuwo. Yarinya za ta wuni da yunwa, a bar ta haka?"

Abin da nake nufi shi ne kada ta ci komai tun daren jiya. Kalmar Turancin da muka haddace a aji na ɗauko na juya ta Hausa, na aika gidan malamai, ranar Alhamis kuma, ranar azumin nafila. Me nake tsammani za su fahimta?

Malam Inuwa ya ajiye biro. "Wannan ba ya rubutuwa. Ko sahur ne, ko ciwo ne, ba wanda ya sani." Ya ƙara da cewa motarmu za ta wuce unguwar Gyallesu ƙarfe sha biyu, kuma ba za mu dawo makarantar nan ba a zangon nan.

Hajiya ta gyara mayafi, ta kama hannun Su'ad. "To, kun soka, kun gani. Tashi mu tafi."

Na sha gabansu a bakin ƙofar aji. "Hajiya, laifina ne. Ni na rubuta ba daidai ba."

"Au, 'yan boko ma suna kuskure?"

"Ƙarfe nawa ta gama sahur?"

"Biyar saura, kafin assalatu."

Na ƙirga a yatsuna. "Awa takwas ba ci muke bukata. Zuwa ƙarfe ɗaya ta cika su. Don girman Allah ku jira."

"Na ce gwaji ɗaya."

"Na farkon ni na ɓata shi, Hajiya, ba ita ba. Kada a hukunta ta da laifina."

Su'ad ta ɗago. "Kaka, in aka sake fitar da jini, azumina bai karye ba?"

"Ɗigo ba ya karya azumi," Hajiya ta amsa da sauri, kamar mai ba da karatu. Ta dubi benci, ta zauna.

Mota ta tafi ba ni. Malam Inuwa ya bar mini na'urar da tsinken gwaji guda ɗaya tak. Aka tashi yara, suka yi dafifi a bakin get wajen masu lemon kwalba da cincin da alawa. Su'ad na kallonsu tana haɗiyar yawu. Sau uku Hajiya na duba agogo. A na ukun ta ce, "Ana kiran azahar na tafi, ko kin gama ko ba ki gama ba."

Ɗaya daidai na kama yatsar. In ɗigon ya zube gefe, shi ke nan. Na matsa a hankali har ya hau tsinken.

Na'urar ta nuna takwas da ɗigo ɗaya.

"Nawa ya kamata?" in ji Hajiya.

"Kada ya wuce biyar da rabi. Sai asibiti ya tabbatar, amma wannan ba sahur ba ne."

Hajiya ta ɗaga hijabin Su'ad, ta shafa baƙin wuyan da yatsu biyu, ta daɗe tana shafawa.

"Ubanta ma yana da shi," ta ce a hankali. "Shi ma na dirje shi." Ladan ya fara kira, ba ta motsa ba. "Rubuta mana takardar asibitin. Amma ki rubuta da Hausar mutane."

Na rubuta, na karanta mata sau biyu.

Yanzu saura ku. Akwai yaro a gidanku da kuke kira ɓul-ɓul, kun san shi. Ku juya wuyansa ku duba yau. Gobe ku kai shi a auna nauyinsa da jininsa, kuma in an ce ya zo da azumi, ku tambaya wane iri.