Dauɗar Ɗakin Amarya

Shekarar da Sulaimanu yat tahi Makka, aikin hajji cikin damina yah hwaɗo. Lokacin Jega da Aliero da Maiyama duk jihar Sakkwato ta, can a ka zuwa hawan jirgi. Ana gobe shi tashi, sai ga shi gidan yayatai Gudiya, nan Jega Firchin, rungume da akwatin gilashi, ruwa na tangaɗi ciki. Kihi biyar na, jajaye, na kallo ba na miya ba. Ƙasan akwatin tsakuwa ta, duk ta yi baƙi, gansakuka kuwa ta hwara cin kusurwa.

Babban cikinsu shi a ka kira Mai Lalle. A'i matar Sulaimanu ita tas sa mai sunan, da hannunta ta ka ba shi abinci har Allah yay yi mata rasuwa bara waccan. Sulaimanu bai yi dogon bayani ba. Yac ce kada ta wanke komi. Jehi-jehi ta kwashe ruwa kaɗan, ta maida na randa wanda yak kwana. Abinci abin da yatsa biyu sunka tsunkulo. Har ya kai zaure yad dawo.

"Yaya, sauran Allah ya yi musu yadda ya so. Wanga babban dai, in iske shi."

Tac ce shi tahi, in don kihi na.

To Gudiya mace ta wadda ba ta kwana da abin wani. In ta ari gishiri da sahe, kahin la'asar ya koma da ɗan ƙari bisa. Sulaimanu shi yar ruhe mata ɗaki da kwano bayan mijinta ya rasu, bai taɓa roƙonta komi ba sai wanga. Abu guda ad da ita, tsabta. Tukunyarta ta tuwo kana ganin huskarka ga gindinta. Kullum ta wuce akwatin nan sai ta kau da kai, hannunta na ƙaiƙayi.

Ta daure, sai ran da Hussaina makwabciyarta tash shigo aron turmi. Tal leƙa, tay yi dariya, tat tambaya yaushe Gudiya tah hwara kiwon kwaɗi. Tac ce in Alhaji ya dawo, mata sunka cika gidan barka da sauka, wanga tabki za a nuna musu?

Hussaina na hita, Gudiya tak kwashe kihin cikin baho, tat tahwasa ruwa, tak kwara ma gilashin. Sai ƙas. Ya tsage tun daga baki har gindi.

Ba ta zamna ba. Kasuwa tan nuhwa wurin mai yanka gilashin taga, tat tsaya kainai har yah haɗa mata sabo. Tsakuwa kuwa tas sa mata omo, tak kurje da soso, tad dahwa ta, tash shanya bisa tabarma har tay yi hwari tas. Da taz zuba ruwa tam maida kihin, abin sai ka ce na cikin kanti. Tak kira Hussaina tag gani.

Daɗin bai daɗe ba. Ruwan nan yaj juye hwari-hwari awa ruwan tsarin gero. Kihin sunka taso sama, baki buɗe, suna haki. Tac ce yunwa ta, taƙ ƙara musu dusa da ɓarɓashin burodi. Wanshekare guda ya juya ciki sama. Tar ruhe shi gindin katanga, tak kwashe ruwan duka, tas sake kurje komi, tas sake zuba sabo. Wani yam mutu. Tash shiga ɗaki, tah hito, tad duba, tak koma. Tuwonta yaƙ ƙone, abin da ba a taɓa ji ba gidan. Ko salla ta ka yi, tana sallamewa wuyanta na ga akwati. Haka sunka bi juna, har yar rage Mai Lalle shi ɗai, ya lahe ƙasa, wutsiyar nan mai baza duk ta manne. Ran nan kuwa rediyo yac ce jiragen alhazai sun hwara sauka.

Ta san asalin kihin. Arzika na Aliero, abokin Sulaimanu, shi ka kai albasa Ikko, shi yat taho da su. Tay yahwa mayahi tat tari mota.

Ta iske shi cikin rumhwa shina gyaran irin albasa. Sunka gaisa, bai gama tambayar mutanen gida ba tak katse shi tah hwaɗi abin da yak kawo ta. Yat tambaya ko ta taɓa tsakuwar. Tac ce dahwa ta tay yi. Arzika yad dahe kai.

Yac ce Bayaraben da yas sayar mai ya gaya mai, jikin tsakuwar nan da santsin nan da ta ka gani akwai wasu ƙwayoyi masu rai, ido ba ya ganinsu. Su ka cinye kashin kihi da hitsarinai. In babu su, kihi cikin najasatai shi ka iyo, ko ruwan ya kai madubi haske. Sabon akwati kuwa kahin su haihu cikinai da kansu sai an yi makonni, kihin ba ya kai. Sai dai a ɗebo daga tsohon akwati a yi mai iri.

"Ke da kinka san Hillani, Yaya. Madara ta sabuwar ƙwarya, mi ka sa ta kama?"

"Ragowar nonon jiya."

"To ke ƙwaryar kinka dahwa."

Tac ce ya isa, shi ɗebo mata nashi. Nan Arzika yas sosa ƙeya. Nashi akwatin ba ya gida. Ɗiyatai Atika, da za a kai ta Maiyama, kuka tay yi sai da anka haɗa mata shi cikin kayan ɗaki. Yac ce ta tahi, ta ce shi ya aiko ta. Ta ɗauko tsakuwar da ruwanta, kada ta bari ta bushe, kada rana ta buge ta. Har ta miƙe yak kira ta.

"Kada ki ɗauraye."

"Na ji."

"Yaya Gudiya, na san ki. Kada ki ɗauraye."

Hanyar Maiyama sai an biyo ta Jega. Tas sauka tasha, tay yi gida da sassarhwa, zane na harɗe ta. Mai Lalle na nan, kumatunai na motsi sannu. Tar rage ruwan, taƙ ƙara na randa, taɗ ɗauki kwanon sha mai marhi tah hita. Motar Maiyama taƙ ƙi cika. Gudiya ta hau, ta sauka, ta tambayi direba, ta koma ta hau, har wani dattijo yat tambaye ta ko haihuwa a ka yi can.

Atika ta gane ta, tad durƙusa tag gaishe ta, tash shimhiɗa tabarma. Ciki gare ta, na hwari, ya hito. Akwatin na nan bisa kabad tsakanin kwanonin jere, ruwa garau, tsakuwa baƙa wuluk, kihi na wasa. Gudiya ba ta ko sha ruwan da anka kawo ba tah hwaɗi buƙatarta. Atika har ta naɗe hannun riga, sai anka yi gyaran murya bakin ƙohwa.

Inna Rakiya ta, uwar mijin Atika. Gajera, idonta bai barin komi. Tas sa anka maimaita mata zancen tun daga hwarko. Da anka gama tac ce ma Atika ta sauke hannunta.

"Baiwar Allah, tun daga Jega kinka biya mota. Ba ki zo biki ba, ba ki zo gaisuwa ba. Dauɗar ɗakin mai ciki kinka zo ɗiba."

Gudiya tac ce Arzika ya aiko ta.

"Arzika albasa ya sani. Ina shaidar shi ya aiko ki?"

Tay yi bayanin ƙwayoyin nan da ba a gani. Rakiya tac ce ai shi na, duk abin da a ka ɗiba ɗakin mutane a kai wani wuri ba a ganinai, sai dai a ga aikinai. Matan gidan sun taru bayanta. Wata tac ce bara haka anka ɗebi sharar ɗakin wance, har yau ba ta sake zama daidai ba.

Gudiya ta so ta yi hushi, hushin bai zo ba. Ita kanta in anka yi mata kitso, gashin da yaz zuba tattarawa ta ka yi ta turbuɗe inda babu mai gani. Da wata ta zo gidanta da wagga magana, ko zaure ba ta wucewa. Rana kuwa ta karkata, hadari na haɗuwa gabas, hankalinta na Jega.

Sai tam miƙe. Tak kwance ɗankwalinta gaban matan nan duka, hurhura waje, tash shimhiɗa shi ƙasa. Tat tsinko gashi daga ƙeya tas sa. Tat taka ƙahwarta bisa jiƙaƙƙar ƙasar tsakar gida, tad duƙa tak kwashe sawun, taz zuba. Taƙ ƙulle tam, tam miƙa ma Rakiya.

"Ga ni nan. In ko ciwon kai yas samu ɗiyarku, kin san inda za ki kai shi."

Rakiya taj juya ƙullin, tal latsa shi, tad dubi kan Gudiya. Sannan tas soke shi ga ƙugu. Tac ce rabin tsakuwa ɗai za a ba ta, kuma aro na. In Atika ta sauka lahiya, a maido abin mutane a amshi na Jega.

Gudiya tac ce da ma ba ta riƙe abin wani.

Atika tat tsoma hannu tad dinga ɗebowa. Kwanon yac cika da wani ruwa ja-ja mai guntsattsari, warin laka na tashi awa bakin gulbi. Cikin mota Gudiya tar rungume shi bisa cinya, mayahi ya ruhe mata kai da kwano gaba ɗai. Duk ramin da anka hwaɗa sai ruwan shi tsiyayo mata ga zane. Matar da ka kusa da ita tat toshe hanci, tat tambaya wace irin daddawa ta wagga.

Ta iske Mai Lalle ya kwanta gehe guda, amma da rai. Tab buɗe kwano tad duba. Wallahi ba ta san sadda taj je gindin randa ba, sai ganin moɗa tay yi hannunta cike da ruwa. Tat tsaya. Kurkura guda ɗai, a rage ƙazantar sama. Tam maida ruwan randa, tak kihe moɗa, tad dawo taj juye kwanon nan duka cikin sabon gilashinta. Ruwan yay yi jawur, kihin yaɓ ɓace ciki.

Kwanakin da sunka biyo ba ta da zama. Abinci ba ta ba shi sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ruwa ta rage kaɗan ta ƙara kaɗan. Hussaina tash shigo tag gani, tac ce ashe kwaɗin sun dawo. Gudiya tac ce ta ɗauki turmin ta hita. Sannu laka tak kwanta. Hwarin nan na tsarin gero bai dawo ba. Wata sahiya tag ga ɗan kore ya tsiro kusurwa, tas sa hannuwanta biyu ƙarƙashin hammata, tay yi ta kallonai. Ran nan Mai Lalle yat taso, wutsiya ta ɗan buɗe, yac cahe abinci kahin shi nutse.

Sulaimanu ya sauka gida cike da mutane. Bai zo wurinta ba sai da jama'a tay yi sauƙi. Bai kai ga zama ba tat tare shi. Tac ce gilashinai ta hwasa, huɗu sun mutu, hannunta na, ba na kowa ba, kuma shi rubuta mata su bashi. Yaw wuce ta yad durƙusa gaban akwatin da hwarar jallabiyatai. Ya daɗe nan. Yat tsoma yatsa, kihin yaz zo yat taɓa shi.

Bai ɗago ba yac ce, "Wanga nac ce miki, Yaya."

Yac ce a bar shi nan gidanta, ya ga ya saba. Tac ce a'a, yau-yau shi ɗauki abinai, ta gaji. Amma tsakuwa rabi ba tashi ba ta, akwai mai ita.

Atika ta haihu bayan an yanke gero, ɗiya mace. Ran suna Gudiya tat tahi Maiyama da turmin atamhwa bisa kai da kwanon nan ga hannu. Rakiya ba ta dubi atamhwa ba. Tab buɗe kwano, tash shinshina, tam murza tsakuwa guda tsakanin yatsu ta ji santsi, sannan tash shiga ɗaki tah hito da ƙullin. Gudiya ma ba ta amsa haka nan ba. Tak kwance shi nan gabanta, tat tona ƙasar da yatsa sai da tag ga gashinta.