Unguwa Guda a Shagon Kawu

Kawuna tela ne, kuma ban taɓa ganin mai zargi irinsa ba. Ko sannu ka yi masa sai ya juya ta ya duba bayanta.

To, ranar da ma'aikata suka shigo unguwarmu da 'yan na'urori a hannu, wai gwamnati ce ke haɗa rumbun bayanai don ta san inda za ta yi wa jama'a aiki, Kawu ya ce ruwa ba ya tsami banza. Yaushe aka fara son mu haka? Ya gargaɗi kowa kada ya bari a leƙa masa tsakar gida. Ya ajiye wa ma'aikatan benci a shagonsa, ƙarƙashin fanka, ya ce duk mai ba da amsa ya zo nan, a gaban idonsa. Su kuwa faɗuwa ta zo daidai da zama, ga inuwa ga wurin caji. Ni ma na bi layi ina yaba wayon Kawu.

Har mun manta, sai ga jan fenti a bangon shagon, wai za a rushe shi.

Kawu ya zargi mai kantin da ke kusa, ya zargi surukinsa, ni kaina sai da na sha harara. Na raka shi ofishin tsare-tsare raina a ɓace. Wata ma'aikaciya ta juyo mana da kwamfuta. Taswirar unguwarmu ce, wayam, sai ɗigo ɗaya baƙi ƙirin a kan shagon. Ashe na'urar tana riƙe daidai inda aka yi wa mutum tambaya, ta ɗauka nan ne gidansa. A wurin rumbun, dukkanmu a shagon Kawu muke kwana, shi ya sa aka ga nan ya dace a gina asibiti.

Ta ce gyara ɗaya ne, a sake ɗaukar bayanan, kowa a cikin gidansa, kafin masu rusau su iso.

Wallahi ya ba ni tausayi. Dattijo ya shiga roƙon mutane su buɗe wa ma'aikatan ƙofa. Ya fara da amininsa, mai gyaran rediyo. Mutumin ya saurare shi tsaf, ya ƙare masa kallo sama da ƙasa.

"Kai da bakinka ka ce kada mu yarda da su. Gaya min gaskiya, Tela, me suka ba ka?"

Ya mayar da ƙofa ya sa sakata.