Kyauron Bayan Ɗakin Girki

Tunda Baba ya tare a gidan 'yarsa bai yi wuni guda da ya yi masa daɗi ba. Ba wai ana ƙuntata masa ba ne, gata ne ya yi masa yawa. Ya miƙa hannu ga tsintsiya, a ce ya bari. Ya ɗauki bokiti, a karɓe. Mutumin da ya tsufa a noman rake, tafin hannunsa kamar ɓawon itace, wai yanzu aikinsa ya zauna ya sa talabijin a gaba.

Gonar kuwa ba da son ransa ya baro ta ba. Wata cuta ce ta shiga raken, kan kowane kara ya fitar da wani baƙin abu dogo kamar bulala, in iska ta kaɗa ya yi ta zubar da gari kamar na gawayi. Ya tuge, ya ƙone, ya sake iri, ta dawo. Sai da ta kai shi ƙasa sannan 'yar ta je ta ɗauko shi. Uwata yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci. A cibiyar binciken rake take aiki, gidan ma na ma'aikatan wurin ne. Me take yi a can? Baba bai taɓa tsayawa ya ji ba. Ya dai san tana sa farar riga.

Abu ɗaya ke tsone masa ido a gidan. A bayan ɗakin girki, daidai inda ruwan famfo ke gangarawa, wani kyauro ya yi tushe ya miƙe har ya wuce katanga. Kyauro dai ciyawa ce mai siririn kara, ba zaƙi ba komai, saiwarta na bin ƙarƙashin ƙasa ta ɓullo inda ba a zata ba. Baba ya yi yaƙi da shi tun yana saurayi, kuma yana alfahari da haka. Yakan ce inda ya tone kyauro, ko jikansa ba zai sake ganinsa ba. Ga shi yau a gidan 'yarsa, mai binciken rake guda, yana shan ruwan famfo yana ƙiba. Kunya ce ta kama shi a madadinta, ya ce a ransa boko bai koya wa yarinyar nan gyaran tsakar gida ba.

Wata rana suna cin abinci ta ce, “Baba, ka san raken da ka yi ta nomawa akwai jinin kyauro a jikinsa? Zaƙin daga wani kakan ya gado shi. Amma juriyar nan, da yadda ake sare shi ya sake tsirowa, daga kyauro ne. Tun da daɗewa aka haɗa su.”

Baba ya yi dariya har da tari. “To, Uwata. Gobe kuma sai ki ce mini jaki ƙanin babana ne.”

“Da gaske nake, Baba. Shi ya sa wannan na bayan ɗakin girki...”

Amma ya riga ya miƙe zai wanke hannu, yana ta maimaita maganar jakin don ta yi masa daɗi. Ita kuwa ba mai ja-in-ja da uba ba ce, sai ta bar zancen.

Da tafiyar 'yan kwanaki ta kama ta, Baba ya ce ta samu. Ya aro diga da fartanya wurin maƙwabcinsu Direba. Kawunan kyauron sun fara fitar da gashin fure, an rufe wasu da ƙananan jakunkuna na farin ƙyalle. Ya ɗauka na korar tsuntsu ne. Ya kwance su, ya wanke, ya linke, ya ajiye mata a taga tare da wani guntun ƙarfe mai lambobi da ya samu a ɗaure a gindin. Mutum ne mai tattalin kayan mutane.

Sannan ya yi aikin da ya iya. Bai sare ya bar gindi ba kamar yadda malalata ke yi. Ya bi kowace saiwa har inda ta ƙare, wata ma sai da ya kwanta a kan cikinsa ya zaro ta daga ƙarƙashin katanga. Ya murje ƙasar da yatsu. Ya shanya abin da ya tone, da ya bushe ya cinna masa wuta, ya tsaya a kai har ya zama toka. Ya samo irin rake mai kyau, ja, mai kauri, ya jera shi a kunya biyu. Rabonsa da ya ci abinci da yawa kamar ranar har ya manta.

Bayan kwanakin, da la'asar Uwata ta dawo, ita da abokin aikinta, wani mai tabarau da ake ce wa Dogo. Dogo na rungume da wani akwatin sanyi kamar mai ɗauke da jariri. Baba ya tare su tun daga ƙofa, bakinsa ya ƙi rufuwa.

“Ku ajiye kayan nan, ku zo ku ga abin da tsoho ya yi.”

Shi ya shige gaba, har da nuna musu hanya.

Uwata ta tsaya. Ta dubi kunyoyin, ta dubi tokar, ta dubi jakunkunan da ke linke a taga. Baba ya jira yabo, ya ji shiru ya yi yawa, sai ya shiga bayanin yadda ya zaro saiwar ƙarƙashin katanga.

Dogo ne ya ajiye akwatin a hankali ya ce, “Baba, wannan kyauron ba kamar sauran ba ne. A bakin wani kogi 'yarka ta samo shi, wurin kuma yanzu ruwan madatsa ya shanye shi. Mun shafa masa baƙar cutar nan sau ba adadi, ko a jikinsa. Wanda muka shuka a cibiya ya mutu lokacin da injin ban ruwa ya lalace, shi ya sa ta kawo wanda ya rage nan gida. Shekara da shekaru muna jiran ya yi fure, sai bana.” Ya nuna akwatin. “Garin furen rake ne muka kawo, mu haɗa su.”

“Wace cuta?” in ji Baba, alhali ya sani.

“Wadda ta cinye maka gona. Ai saboda ita 'yarka ta shiga wannan aikin.”

Baba ya sunkuyar da kai. Da ƙasa za ta tsage da ya shige. Ya so Uwata ta yi faɗa, ta ɗaga murya, ta ce masa tsohon banza, ko ya samu abin da zai riƙe. Ina. Ta share fuskarta da gefen mayafi ta ce, “Sannu da aiki, Baba. Ka sha wahala.”

Wannan sannun ta fi mari zafi.

Can ta tsuguna ta tsoma yatsu cikin ƙasar. Ba ta ɗago kai ba ta tambaye shi, “Baba, ko saiwa ɗaya ba ka bari ba? Ko guntuwa ce, za ta tsiro.”

Ya buɗe baki. Tunda yake bai taɓa fatan a ce shi malalaci ne ba sai ranar. Ya so ya ce mai yiwuwa, amma ya san hannunsa.

“Ban bari ba, Uwata.”

Washegari ya tuge raken da ya shuka, don kada ya tare wa wani abu hanya. Tun daga nan kullum da safe yakan ja bokiti ya ba wa ƙasar ruwa, kuma babu wanda ya ƙara karɓe masa bokitin. Yakan tsuguna ya bi gindin katanga da ido. Duk ɗan koren da ya ɓullo sai ya matsa kusa, ya ga ciyawar banza ce. Uwata na fita aiki ta gaishe shi kamar kullum, shi ne dai ba ya iya haɗa ido da ita. Abinci ma ɗaki yake shiga da shi.

Damina ta zo ta wuce. Wata safiya yana tsugune a wurin, Direba ya leƙo ta kan katanga, ya ƙare wa filin kallo, ya jinjina kai.

“Gaskiya Baba ka iya aiki,” in ji shi. “Dubi duk ruwan da aka sha, ko tsiro ɗaya bai fito ba.”

Baba ya ce, “Haka ne.” Ya ɗauki bokitin ya juye sauran ruwan a gindin katanga.