Fanka a Ɗakin Yanka

Shekara ashirin da biyu ina riƙe da almakashi a kamfanin ɗinkin nan, ban taɓa ɓata ko yadi ɗaya ba. Sai ranar Talata gumi ya ɗiga daga haɓata ya sauka kan farin yadin da nake yankawa, kuma a gaban Manaja.

Wata shida ke nan abin yana damuna. Ina tsaye lafiya lau, sai zafi ya taso min daga ƙirji ya haye fuska kamar an buɗe murhu. Ɗakin yanka kuwa ba a kunna fanka, ba a buɗe taga, don kada iska ta kwashe takardun awo da muke shimfiɗawa a kan yadi. Doka ce tun kafin in zo.

"Uwar Almakashi," in ji Manaja, "jikin nan ya fara gajiya. Ki koma ɗakin maɓalli ki huta."

Ɗakin maɓalli! Wani lungu ne a baya inda ake wuni ana ɗinka maɓalli har ido ya yi ja. Can aka kai Yaya Doguwa, wadda ta koya min yanka, shekara uku da suka wuce. Ita ma gumi ne ya kai ta, ta tattara kayanta ta koma. Raina ya ɓaci sosai.

"Ranka ya daɗe, ban gaji ba. Zafi nake ji."

"To kawo takardar likita."

Na je asibiti, aka ɗebi jini, na koma bayan kwana uku. Likitar ta duba takarda ta dube ni.

"Hajiya, ba ciwo ba ne. Al'ada ce take shirin ɗaukewa, sinadaran jiki da muke kira homon suna hawa suna sauka. Mun duba sukari da maƙogwaro, duk lafiya."

"Zai hana ni yanka?"

"Ko kaɗan. Iska kike buƙata da ruwan sanyi. In ya matsa, akwai magani."

"Maza fa? Su Allah ya yafe musu?"

Ta yi dariya. "Nasu ma yana raguwa, a hankali dai. Wani kasala, wani saurin fushi, wani teɓa."

Sai na ga kamar hoton Manaja take kwatanta min. Na karɓi takardar shaidar lafiyata, sannan na roƙe ta takardar neman gwaji guda, ba suna.

Ranar Litinin na shigo da fankar ɗakina a kafaɗa, da jaka cike da duwatsun da na wanke tas. Na shimfiɗa yadi, na ɗora takardun awo, na danne kowace kusurwa da dutse, na kunna fanka. Ko motsi ba su yi ba. Shekara da shekaru muna dahuwa saboda abin da dutse huɗu zai magance!

Manaja ya faɗo yana huci. "Wa ya ba ki izini?"

Na miƙa masa takardata. Yana karantawa na ɗora masa ɗayar a kai.

"Wannan kuma taka ce, ranka ya daɗe. Likita ta ce maza ma ana gwada su. Ka cike sunanka, in ta ce ka gaji sai mu tafi ɗakin maɓalli tare."

Teloli suka sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa. Manaja ya ninke takardar ya cusa a aljihu. Bai mayar min ba, na lura.

Na yanke hannun riga biyu a gabansa, ya ɗaga ya auna bai sami kuskure ba. Sannan na je na wangale ƙofar ɗakin maɓalli. Mata huɗu ne a ciki, duk sa'o'ina ko sun girme ni, kowacce da tawul a wuya.

"Yaya, taso," na ce. "Akwai sauran duwatsu, ga tebur babu kowa."

Ta dubi Manaja, ta dubi fanka. Sai ta ajiye allura, ta jawo jakarta ta zaro tsohon almakashinta. Ashe kullum da shi take zuwa.