Ruwan Sama a Hawa na Talatin

Shekara talatin da huɗu Leland Pruitt ya yi yana aiki a ƙarƙashin titunan Chicago. Ma'aikacin hukumar ruwa ne, cikin masu shiga rami su gyara magudanai da manyan bututai, kuma har ya yi ritaya ba wanda ya taɓa jin ya koka da duhu ko ƙunci. Abu ɗaya ne ba sa shiri da shi, wato wuri mai tsayi. Ko tsanin da ake hawa a kwashe ganye daga indararon gida, matarsa Vernetta ce ke hawa, shi yana ƙasa ya riƙe mata yana ta ba da umarni.

'Yarsu ɗaya ce, Noelle. Ta shiga makarantar koyon jinya, ta yi shekara biyu, sai wata rana ta dawo ta ce ta bari, zuciyarta ba ta wurin. Ta kama aiki a mashaya, tana haɗa wa mutane abin sha. Leland bai yi faɗa ba, da ma shi ba mai faɗa ba ne. Shiru ya yi, shirun kuwa ya kai shekara shida. Suna gaisawa lafiya lau, tana zuwa cin abinci ranar Lahadi bayan an taso daga coci, yana duba mata man mota da iskar taya, amma ko sau ɗaya bai taɓa ce mata yaya aiki ba.

A bazarar nan aka ba ta shugabancin wata mashaya da ke kan rufin wani otal a tsakiyar gari, hawa na talatin. Ta gayyace su. Vernetta ta amsa a madadinsu su biyu, sannan ta gaya masa.

"Ranar Asabar, ƙarfe huɗu. Na goge maka wandonka mai ruwan toka."

"Ni fa ina da yankan ciyawa ranar Asabar."

"Ciyawar da ka yanka jiya? Leland, yarinyar nan sau uku tana bugo waya tana tambaya ko za ka zo. Ba ni take tambaya ba, ta san ni ko ba a gayyace ni ba zan je."

"Hawa na nawa kika ce?"

"Ka ji ni sarai."

Ranar Asabar suka shiga jirgin ƙasa daga unguwarsu ta Chatham. Ana zafi mai nauyi, irin wanda riga ke manne wa mutum a baya. A cikin lif ɗin otal Leland ya ƙura wa takalmansa ido, kunnuwansa suka toshe, Vernetta kuwa tana gyara 'yan kunnenta a madubi tana karanta lambobin hawa da ƙarfi, da gangan.

Da ƙofa ta buɗe sai haske ya cika masa ido. Fili ne babba, daɓensa na katako, an jera tebura da fararen laimomi, ga furanni a dogayen akwatuna. Maimakon katanga, gilashi ne ya kewaye wurin, tsayinsa iya ƙirji. Bayan gilashin babu komai sai sarari da kawunan benaye. Leland ya kawar da kai da sauri.

Noelle ta taho a baƙar riga, ta naɗe hannuwan rigar zuwa gwiwar hannu. Ta rungume uwarta, sannan ta tsaya gaban ubanta tana murmushi kamar ba ta san inda za ta sa hannunta ba.

"Baba, ka zo."

"An kawo ni," in ji shi.

Ta riga ta shirya masa wuri. A ɓangaren da ke da rumfa, kusa da kantar da ake haɗa abin sha, ta ajiye masa kujera mai jingine da bango, ga wata tukunyar fure babba ta tare masa gefen da gilashin yake. Ya lura da haka, ya zauna. Vernetta ko zama ba ta yi ba, ta wuce can bakin gilashi tana ɗaukar hoto, tana kiransa ya zo ya ga babban tafkin da ke gefen garin.

"Na san tafki," ya ce. "Ruwansa nake sha tun ina yaro."

Ya nemi giya ta kwalba, irin wadda ya saba. Noelle ta ce za a kawo, amma ya fara ɗanɗana wani abu tukuna. Ta zuba wiski a kofi kan ƙanƙara ƙwaya ɗaya babba, ta ɗiga wani abu mai duhu, ta murɗa ɓawon lemo a kai. Ya kurɓa. Ya sake kurɓa.

"Yaya?"

"Ba laifi."

Ta yi dariya, ta koma bakin aiki. Shi kuwa da yake ba ya son kallon waje, sai ya zama ita yake kallo. Mutum goma sha wani abu ne a ƙarƙashinta, kuma ba ta ɗaga wa kowa murya. Ta ga wata dattijuwa tana kare fuska daga rana, kafin matar ta yi magana an juya mata laima. Wani mutum da ya fara yin sama da murya a kan abokansa, ta je ta ajiye masa ruwan sanyi da farantin soyayyen dankali, ta yi masa wata magana a hankali, sai ga shi yana dariya ya sassauta. Leland ya yi shekaru yana shugabantar ma'aikata a rami, ya san yadda wanda ya iya riƙe mutane yake tafiya a cikinsu.

Wajen biyar saura kwata ta tsaya cak ta dubi yamma. Rana na nan tana haskawa, mutane na ta hira. Ta ce wa ma'aikatanta a naɗe laimomi duka, a roƙi baƙi su dawo ƙarƙashin rumfa. Wasu suka yi gunaguni. Ba a yi minti goma ba sama ta yi duhu, iska ta taso ta kwashe takardun goge baki daga tebura, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya.

Mutane suka cunkushe a rumfa da kofunansu a hannu, suna raha. Benayen duk suka ɓace cikin ruwa, abin da ya yi wa Leland daɗi ƙwarai. Vernetta ta dawo ta zauna kusa da shi ta ja farantin fukafukan kaza gabanta.

Bayan kamar minti ashirin ruwan ya sassauta, amma wanda ya zuba bai tafi ba. Ya taru ya shafe katakon daɓen, ya fara rarrafowa wajen rumfa, inda ƙofar lif take. Leland ya ji Noelle a waya tana magana da mai kula da gyaran ginin. Mutumin yana can ƙasa yana fama da ruwan da ya shiga wurin ajiye motoci, ya ce sai nan da awa ɗaya. Ƙarfe shida kuma akwai masu walimar baiko, mutum sittin.

Noelle ba ta tura kowa ba. Ta cire takalmanta, ta ɗauki sandar tsintsiya, ta shiga ruwan tana zungurar wata rariya da ke tsakiyar filin. Leland ya yi ta kallo yana motsi a kujera.

"Ba nan ba ne," ya ce ƙasa-ƙasa.

"To ka gaya mata mana," in ji Vernetta, ba ta ko ɗago daga faranti ba.

"Wannan ƙaramar rariya ce. Dubi inda takardun can suke tafiya."

"Ni kake gaya wa? Ni ce a cikin ruwan?"

Ya ajiye kofinsa. Ya tashi ya shiga ruwan da takalmansa na zuwa coci, idonsa a ƙasa, yana bin wata takarda da ke yawo a hankali. Ta bi ta tsakanin tebura, ta nufi kusurwar gabas, ta tsaya tana juyawa a gindin wani akwatin furanni da ke jingine da gilashin.

"Noelle. Zo ki kama mini nan."

Ta dube shi, ta dubi inda yake tsaye dab da gilashin, sannan ta taho. Suka ja akwatin gefe. Ya durƙusa ya lalubi katakon da yatsu har ya sami wanda ke ɗaguwa, ya cire shi. Ga babbar magudanar a ƙasa, an ɗora mata furanni tun wane zamani, murfinta na ƙarfe ya toshe da ganye da ƙasa da marafan kwalba. Ya kwashe na sama, amma hannunsa ya ƙi shiga tsakanin ƙarafan.

"Naki ya fi siranta. Sa hannu ta gefen nan, ki murɗa, kada ki tura ƙasa. Jawo shi za ki yi."

Ta durƙusa kusa da shi, ta zura hannu har gwiwa, ta jawo wani dunƙulen saiwoyi da leda, baƙi ƙirin. Magudanar ta yi wani gurnani, ruwa ya fara juyawa yana shiga. Mutanen rumfa suka yi tafi, wani ya yi fito.

Leland ya dafa abin da ke kusa da shi don ya miƙe. Sai da ya tsaya sosai ya gane gilashin ya dafa.

Hadarin ya wuce kan tafki, rana ta dawo daga bayansu ta bugi benayen da suka jiƙe, kowanne yana ƙyalli. Can ƙasa kogin garin ya ratsa tsakanin gine-gine, gadoji sun jeru a kansa, motoci ƙanana kamar ƙwaro. Ya ƙanƙame bakin gilashin da hannu biyu. Noelle ta matso ta tsaya har kafaɗarta ta taɓa tasa.

"Mu koma ciki, Baba?"

"Bari tukuna."

Numfashinsa ya dawo daidai kaɗan-kaɗan. Can ya saki hannu ɗaya ya nuna da yatsa, bai miƙa hannun sosai ba.

"Kin ga titin can da ya miƙe kudu, gefen benen nan mai jan dutse? Akwai bututu a ƙarƙashinsa da mutum zai tsaya a ciki bai sunkuya ba. Na tubali ne, ya girmi kakanki. Sati uku muka yi a ciki lokacin sanyi, shekarar da aka haife ki. Can kuma wajen gada ta uku, nan na karya wannan yatsan."

"Ka ce mini ƙofar mota ce ta datse ka."

"Don kada uwarki ta ji."

Ta yi dariya, ta goge hannunta a rigarta. Ya ci gaba da kallon titunan, ba ita ba.

"Ya aka yi kika san ruwa na zuwa? Rana na nan fa."

"Iska ce. In ta juya ta fara zuwa da sanyi ta bayan rumfa, minti goma ne. Ranar da na fara aiki a nan ban sani ba, laima ɗaya ta tashi ta kusa ƙetare gilashi. Tun ranar nake saurarenta."

Ya gyaɗa kai. "Mutum nawa ne a hannunki?"

"Sha bakwai. Ashirin da biyu in ana biki."

"Suna jin maganarki. Na gani."

Ta ce, "Na ɗauka kunyar aikina kake ji."

"Ban san aikin ba ne," ya ce. "Na ɗauka zuba giya ce kawai, yau kina nan gobe an sallame ki. Ya kamata in tambaye ki tun tuni. Ban tambaya ba."

Ta saƙala hannunta a nasa, da laka da komai, suka juyo tare a hankali. Ma'aikata sun riga sun fito da tsummoki suna tsane tebura. Vernetta na tsaye a bakin rumfa ta riƙe ƙugu tana duban wandonsa daga gwiwa zuwa ƙasa.

"Awa ɗaya na yi ina gugar wandon nan."

"Sai ki sake."

"Ji tsoho. Zo ka zauna kafin ka faɗi a gaban mutane."

Aka kawo masa tawul da giyarsa ta kwalba. Masu baiko suka fara isowa ƙarfe shida daidai, suka tarar da daɓe a goge, laimomi a buɗe, ba su san an yi komai ba. Leland ya koma kujerarsa ta jikin bango, amma ya sa aka ɗan matsar da tukunyar furen. Da za su tafi, Noelle ta rako su bakin lif.

"Rufi mai faɗin nan ba zai rasa magudana huɗu ba," ya ce mata. "Ɗaya muka gani. Ki ce wa mutumin gyaran nan ya nemo taswirar ginin. Yaushe kuke buɗewa ranar Talata?"

"Ƙarfe uku."

"Zan zo sha ɗaya."

Ranar Talata ya zo shi kaɗai, da tsohuwar jakar kayan aikinsa. Magudanai biyar ne ashe, uku a toshe. Shi da mai gyaran ginin suka yi musu a kan kowacce, suka rabu suna abokai. Da rana Noelle ta sa aka yi musu gurasa da gasasshen nama, suka zauna a rumfa su biyu, wurin ba kowa, tana ba shi labarin wani mai dafa abinci da take so ta ɗauka aiki amma tana shakka, shi kuma yana ci yana yi mata tambayoyi.