Ki Yi Hankali da 'Ya'yan

Malama ba ta barin mutum ya kai ƙarshen maganarsa. Shekara talatin da biyu ta yi tana koyar da lissafi, kuma da wannan halin ta fito daga aji: kana buɗe baki ta riga ta san inda za ka sauka, ta ba ka amsa, ta wuce abinta. Da ta yi ritaya sai ta juya kan tsakar gida. Bokitan fenti, tsofaffin tayoyi, har robar wanke-wanken da ta huje, duk ta cika su da ƙasa ta jera a gindin katanga. Maigidanta ya ce gidan ya koma makaranta, sai dai waɗannan ɗaliban ba sa mayar da magana.

Da zafi ya shigo, rabin ɗaliban suka yi yaushi. Ta tafi wurin mai furanni na bakin titi, inda tukwane ke jere ƙarƙashin rumfar raga, ta ce tana son abin da rana ba ta ba shi tsoro. Ya nuna mata wata shuka da ta kai mata ƙugu, ganyenta faffaɗa mai duhun ja, furanninta a cure a sama jajaye wur.

"Wannan ko kin manta da ita ba ta fushi," in ji shi. "Sai dai fa, Mama, ki yi hankali da 'ya'yan, saboda..."

"'Ya'yana sun girma, ɗan nan. Autata ma tana da 'yarta. Babu mai tattake mini shuka."

Ya yi dariya, a zatonsa wasa take yi. Wata mota ta tsaya, ya tafi wurin sabon mai saye, ita kuma ta rungumi tukunyarta ta yi gaba.

Jikar nan ita ce Aku, shekararta huɗu. Sunan ya bi ta ne don duk abin da ka faɗa sai ta maimaita, duk abin da ka yi sai ta yi. Kullum da safe uwarta, Auta, ke sauke ta a gidan kafin ta wuce ofis. Malama na kiranta ƙawata, kuma tare suke aikin lambu. In za su shuka iri, Malama kan huda ƙasa da yatsa ta ce, "Mu kwantar da ita, mu lulluɓe ta, ta yi barci." Aku ta maimaita, ta buga ƙasar da tafin hannu, har da cewa a yi shiru.

Jar shukar ta yi abin da aka ce za ta yi. Rana na dukanta tana ƙara kyau, har maƙwabta na leƙowa ta saman katanga. Bayan makonni furannin suka zama ƙunshi masu ƙaya, suka bushe, suka fashe. Ga 'ya'ya nan kamar wake, masu sheƙi, da zane-zane a jiki. Malama ta tsince su ɗaya bayan ɗaya, ta ƙirga, don ita ba ta ajiye komai ba ƙirge: goma sha tara. Ta zuba su a wani gwangwanin alewa da ya ƙare, ta ɗora a bakin tagar baranda, da niyyar raba wa maƙwabta.

Ranar wata Talata, rana ta take tsaka, ta bar Aku a baranda tana dafa wa 'yartsanarta abinci da murafan kwalba, maigida na kwance a falo da rediyo a ƙirji. Ta ce yanzu za ta dawo, taki kawai za ta sayo.

Mai furanni na ɗaure mata buhu ta shiga ba shi labari. Shukarsa ta haihu, ta ce, goma sha tara cif, ta adana su a gwangwanin alewa.

Hannunsa ya tsaya a kan igiyar.

"A gwangwanin me?"

"Na alewa."

"Mama, akwai ƙaramin yaro a gidan?"

Wannan karon ba ta katse shi ba. Ya ce ai ya gaya mata tun ranar farko ta yi hankali da 'ya'yan. 'Ya'yan shukar yake nufi. Guba ce. Babba ma in ya tauna sai an kwantar da shi, balle yaro.

Ba ta san ta bar buhun ba. Tsoro ya kama ta. Ta tare tasi, ta kira wayar maigida, tana ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta san inda wayar take, tana caji a ɗaki, shi kuma in barci ya ɗauke shi ko rufin gidan aka yaye ba zai ji ba. Ta sake kira. A mahaɗar titi wata babbar mota ta mutu, motoci suka cunkushe. Direban ya fara ba ta labarin yadda titin nan yake a da. Ita kuwa abu ɗaya take gani: tsayin bakin taga, da tsayin Aku in ta yi ɗage. Ta auna su a ranta sau goma, kuma kowane sau lissafin na fitowa daidai, hannun yarinyar zai kai. Ta buɗe ƙofa ta sauka, ta ƙarasa da ƙafa, takalmi ɗaya na sulluɓe mata.

Gwangwanin na ƙasa, a buɗe. Aku na zaune ta baje ƙafafu, ta rarraba 'ya'yan a murafan kwalba.

"Kaka, zo ki ci. Na dafa wake."

Malama ta durƙusa ta tattara su a tafin hannu. Goma sha takwas. Ta sake ƙirgawa. Ta ɗaga tabarma, ta zazzage rigar yarinyar, ta duba cikin gwangwani da ƙarƙashin kujera. Mace da ba ta taɓa kuskuren lissafi ba ta shiga roƙon Allah ya sa yau ta yi. Goma sha takwas.

"Ƙawata, kin ci ɗaya?"

"E."

"Kin ci, ko ba ki ci ba?"

"Ban ci ba."

"Buɗe bakinki. Ina ɗayar take?"

Aku ta ɗora yatsa a leɓe. "Ta yi barci."

Malama ba ta tsaya jin shirmen yara ba. Ta saɓa ta a kafaɗa, ta daka wa maigida tsawa ya tashi a firgice yana laluben tabarau, suka nufi asibiti da gwangwanin a jakarta.

Likitar ta juya ƙwaya ɗaya a kan farar takarda, ta tambayi ƙarfe nawa abin ya faru. Babu wanda ya sani. Ta ce in haɗiyewa yarinyar ta yi da sauƙi, in kuwa ta tauna to akwai magana, kuma abin ba ya nunawa nan take, yana iya ɗaukar sa'o'i. Aka ba Aku wani baƙin ruwa ta sha tana kuka, aka sa mata ƙarin ruwa a hannu, aka ce a zuba ido: amai, ciwon ciki, gudawa, yawan barci.

Auta ta iso da katin ofis a wuya. Ta tsaya a kan 'yarta, ta shafa goshinta, sannan ta juyo.

"Umma, a gwangwanin alewa?"

Iyakar abin da ta ce ke nan, kuma da ta zage ta ma da ya fi sauƙi. Malama ta koma kan bencin da ke bakin ƙofa ta zauna.

Daga nan take kallon gadon. Aku ta yi hamma, Malama ta zabura. Aku ta taɓa cikinta, Malama ta miƙe tsaye, ashe ƙaiƙayi ne. Can da la'asar idon yarinyar ya fara lumshewa. Lokacin barcinta ne na kullum, Malama ta fi kowa sani, ita ke shimfiɗa mata. Amma yau wa zai ce mata wane irin barci ne wannan? Ta matsa ta tsuguna a gefen gadon tana ƙirga numfashin yarinyar, in ta kai ashirin ta koma farko. Maigida ya kawo mata ruwa, ya tsaya da shi a hannu har ya gaji ya ajiye. Tana jin tsoro, kuma tana jin haushin kanta, don mutumin ya faɗa mata. Da bakinsa ya faɗa, ita ce ta datse shi.

Kwana biyu aka riƙe su. Babu amai, babu komai. Likitar ta ce da alama yarinyar ba ta ci ba, ko kuma ta haɗiye ta fita, ba za a iya cewa ba. Aka sallame su.

Ranar da suka dawo Malama ta sare shukar, ta tone saiwar, ta ƙone ta tare da goma sha takwas ɗin. Auta ba ta yi faɗa ba. Ta dai sami wata makarantar rainon yara kusa da ofis, ta ce ai ya fi sauƙin hanya. Safiya ta koma shiru a gidan. Malama na ba furanni ruwa ita kaɗai, idonta a ƙasa, tana neman ƙwaya ɗaya a kowane lungu.

Sai bayan mako biyu suka zo, ranar Asabar, ziyara irin ta baƙi. Auta ta zauna a baranda ba ta cire takalmi ba. Aku kuwa ta zarce bayan tankin ruwa, inda famfo ke ɗiga, ta fito riƙe da kofin roba a hannu biyu tana tafiya a hankali kada ya zube.

"Kaka, 'yata ta tashi daga barci."

A cikin kofin, ƙasa ce jiƙaƙƙiya, da ɗan tsiro mai jan kara da ganye biyu. Malama ta kalle shi. Ta tuna yatsa a leɓe, da abin da yarinyar ta ce a ranar. An gaya mata wannan ma.

"Goma sha tara," ta ce. Ta miƙa wa Auta kofin ta gani. Auta ta rufe fuska da hannu.

"Ni na kwantar da ita," in ji Aku. "Na lulluɓe ta. Zan ba ta ruwa ta girma ta yi wake."

Malama ta karɓi kofin, ta sa yatsu biyu ta tuge tsiron. Aku ta fashe da kuka, tana dukan gwiwarta, tana cewa ta kashe mata 'ya. Malama ta zauna a ƙasa ta bar ta tana dukan. Ta saurara har yarinyar ta gama faɗin duk abin da ke bakinta.