Fayafayan Malam Dalhatu

"Shekaranjiya ma a Kwangila na gan shi," in ji Sabo mai shayi, "ya tsuguna gaban 'yan gwangwan yana tsintar fayafayai kamar mai zaɓen tumatir."

"To wa ke da injin kunna su a zamanin nan?" wani ya tambaya daga ƙarshen benci.

"Shi mana. Har biyu gare shi. Kuma ba na fim yake nema ba, na biki yake so. Bikin mutane."

Malam Nagoda tela yana jin su daga cikin shago, ƙafarsa a kan keken ɗinki. Wanda ake zancen maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ta raba su a Tudun Wada: Malam Dalhatu, tsohon masinjan makaranta, wanda ya taso daga Gyallesu shekara huɗu da suka wuce, shi da 'yarsa Siddiƙa. Ba shi da mata, ba shi da yawan magana. Da farko abin da aka sani game da shi bai wuce sahun gaba a masallaci ba. Sai bara ya soma tara tsofaffin fayafayan bidiyo, irin waɗanda ake ce wa bisidi, waɗanda yanzu sai dai a rataya su a bayan keke don ƙyalli.

Nagoda ya fi kowa sanin abin da ke fitowa daga gidan. Duk ranar da aka kawo wuta, sai kiɗan ƙwarya da hayaniyar mata su tsallako katanga. A ji guɗa, a yi shiru, a mayar baya a sake jin ta. Kowa kuwa ya san abin da ke cikin faifan biki: matan aure ne a tsakar gida, ba mayafi, sun saki jiki suna rawa.

Ranar da ya gano matarsa Atika ta ba Siddiƙa aron faifan bikin 'yarsu Surayya, ko tuwo bai taɓa ba.

"Me ta ce miki za a yi da shi?"

"Cewa ta yi babansu ke so."

"Babansu ke so, ke kuma kika ɗauka kika miƙa. Kin manta irin rawar da kika taka a ciki, ke da ƙannena?"

"Malam, shekara goma sha shida fa. Ni kaina ba na gane kaina a ciki."

"Shi ai zai gane ki."

Bayan la'asar, ana cikin laluben takalma a ƙofar masallaci, ya tare shi.

"Malam Dalhatu, a maido mini da faifan iyalina. Kuma ina so in ji, dattijo kamarka, me kake kallo a cikin matan mutane?"

Malam Dalhatu yana riƙe da takalmi ɗaya a hannu. Ya dubi ƙasa, ya ce, "Za a kawo, Malam."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Nagoda ya ce a ransa, da yana da gaskiya da ya yi magana.

Kafin magariba faifan ya dawo. Cikin makon nan magidanta uku suka tuhumi matansu, su ma suka aika aka karɓo nasu. A sahu aka soma barin ɗan fili kusa da Malam Dalhatu. Sai ya koma salla a wani masallaci can bayan kwalbati, daga baya aka daina ganinsa ko'ina. Aka ce ƙafafunsa ne suka kumbura. Nagoda bai shiga dubiya ba.

Wata Talata da azahar Siddiƙa ta tsaya a bakin shago, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, jikin babanmu ya yi nauyi. Ya ce in roƙe ka aron faifan nan, sau ɗaya kawai."

"Har yanzu? Yana kwance ma?"

Ta sunkuyar da kai, ba ta tashi ba.

Ya so ya ce a'a. Sai wata dabara ta zo masa: gara ya kai da kansa, ya ga abin da idonsa, ya samu na faɗa wa liman.

Ɗakin yana warin man zafi. Malam Dalhatu na kwance a kan katifa, ya rame, sai ƙafafun. Jikin bango kwalayen sabulu ne jere, cike da fayafayai, kowanne cikin takardar littafin makaranta da aka naɗe, an yi rubutu da fensir. Nagoda ya karanta na sama. Babu. Na biye, babu. Na uku, akwai, minti ashirin da biyu.

Sannan ya ga talabijin ɗin. An juya fuskarta tana kallon bango, ƙura ta kwanta a bayanta, har gizo-gizo ya yi saƙa tsakaninta da katako. Ba jiya aka juya ta ba.

"Sannu da zuwa, Malam," in ji mai jinya. "Na wahalar da kai. Siddiƙa, kai shi minti talatin da ɗaya."

Injin ya yi ƙara kamar zai ƙi, sannan ya kama. Hayaniyar gidan Nagoda ta shekara goma sha shida ta cika ɗakin, har ya ji muryar Atika tana faɗan a kawo tabarmi. Sai guɗa ta tashi, doguwa, siririya, ta hau sama ta karye sau uku kafin ta sauka. Malam Dalhatu ya rufe ido. Yatsunsa suka motsa a kan bargo.

"Ƙara," ya ce.

Nagoda ya fito tsakar gida, Siddiƙa ta biyo shi.

"Wace ce?"

"Innarmu ce. Larai mai guɗa. Dangin ango ne suka zo da ita bikinku, shi ne na ƙarshe da ta yi. Ko hoto ɗaya ba ta bari ba, ba ta yarda a ɗauke ta. Bara yana wucewa ta wurin mai gyaran rediyo ana gwada wani tsohon inji, ya ji ta. Tun ranar yake nema. Huɗu kacal ya samu, naku ya fi fita."

"Me ya hana shi faɗa a masallaci?"

"Ni ma ya hana ni. Ya ce tsoho kamarsa, a ji yana bin gari yana neman muryar matarsa? Ko sunanta ban taɓa jin ya kama ba, Baba."

Ya koma ciki. Maganar neman gafara tana bakinsa, amma yarinyar na tsaye a ƙofa, shi kuma bai saba ba. Abin da ya fito shi ne, "Allah ya ƙara sauƙi. A bar faifan a nan." Ya ce a ransa gobe zai dawo shi kaɗai.

Da safe ya tsaya ya ƙarasa wuyan wata riga tukuna. Yana cikin yi, da hantsi, ya ji salatin Siddiƙa ta bayan katanga.

Shi aka kawo wa farin yadin, kamar yadda aka saba duk rasuwar da aka yi a layin. Ya zauna a zauren mamacin, ya zare zare daga jikin yadin ya ɗinka likkafanin da hannu. Sau biyu zaren yana kuɓuce wa allura. Zauren ya cika da mutanen da suka tsaya a ƙofar masallaci ranar nan, Sabo na raɓe a gefe.

Da aka gama suturta mamacin aka fito da makara, liman ya gyara tsayuwa zai ta da kabbara. Nagoda ya fita daga sahu.

"Malam, a ɗan dakata mini."

Ya tsuguna daidai kan mamacin. Bai rage murya ba.

"Malam Dalhatu, na zarge ka da abin da ba ka yi ba, kuma a gaban mutanen nan na faɗa. Ban tambaye ka a ɓoye ba. Jiya na samu dama na yi shiru. Ka yafe mini."

Ba wanda ya yi motsi. Can bakin titi wani mai acaɓa ya kashe injinsa, ya sauko yana tura babur ɗin da hannu har ya wuce sahun.